Yadda Za Ka Gane Kantin Magani Na Kirki

'Yan'uwa manoma, damina tana kusatowa, sauro kuma yana biye da ita. Kafin a gama noman fari, gidaje da yawa a Zawaciki da ƙauyukan kewaye za su aiki yaro kemis ya sayo maganin zazzaɓi. Manomi ba ya shuka irin da bai san asalinsa ba. Haka ya kamata ya yi da maganin da zai sa a bakin ɗansa.

Abin ba wasa ba ne. A 1990 yara fiye da 100 suka mutu a jihohin Filato da Oyo bayan sun sha ruwan farasitamol da guba ta shiga cikinsa wajen haɗawa. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin ya kashe yara 84 a ƙasar nan ta wannan hanya. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe irin namu, cikin magani 10 kamar ɗaya jabu ne ko marar inganci.

Masu sayar da magani bisa doka iri biyu ne. Akwai famasi, inda masanin haɗa magunguna wanda ya yi karatun jami'a yake lura da aikin. Akwai kuma kemis, wanda aka yarda ya sayar da ƙananan magunguna kaɗai, cikin kwalinsu na asali. Mai kemis ba likita ba ne. Doka ba ta ba shi iznin yin allura ko ƙarin ruwa ba. Hukumar PCN ce take ba su lasisi su duka, hukumar NAFDAC kuwa, wadda aka kafa a 1993, ita take yi wa maganin kansa rajista.

Shekaru da dama kasuwar Sabon Gari ce cibiyar sarin magani a Kano. A watan Fabrairu 2024 hukumomin nan biyu suka rufe shaguna fiye da 1,000 a can, aka umarci 'yan sari su koma sabuwar cibiya a Dangwauro, kan hanyar Zariya, inda za a iya sa ido a kan kaya. Don haka ba laifi ba ne ka tambayi mai kemis inda yake saro nasa.

In ka shiga kanti, ka duba abubuwan nan:

1. Lasisi. Ya kamata a gan shi rataye a bango, kuma na wannan shekara, gama kowace shekara ake sabunta shi.

2. Wurin ajiya. Yawancin magunguna an rubuta a jikinsu kada zafi ya wuce digiri 30. A watan Afrilu zafin Kano yakan haura 40. Shagon kwano marar rufi daga ciki, marar taga, yana gasa magani har ƙarfinsa ya ragu, ko da na gaske ne. Allurar ciwon sukari da ta rigakafi sai a firji, tsakanin digiri 2 da 8. Wannan ne ya sa maganin mai talla a tire, wanda yake yini cikin rana a kasuwa, ba abin saye ba ne.

3. Kwali. Ka nemi lambar NAFDAC, da sunan kamfani da adireshinsa, da ranar da maganin zai daina aiki. In an kankare kwanan wata, ko an manna wata takarda a kai, ka ajiye shi. Wasu magungunan zazzaɓi suna da wurin kankarewa, ka aika da lambar ta waya kyauta, a gaya maka ko na gaske ne.

4. Bayani. Mai kanti nagari zai tambaye ka wa zai sha, shekarunsa nawa, ko mace tana da ciki. Wanda ya zuba maka ƙwayoyi kala-kala a leda ba suna, ya ce "haɗi ne", ka guje shi.

Mu ma muna da namu laifin. Maganin zazzaɓin cizon sauro da aka fi bayarwa yanzu sau 6 ake sha cikin kwana 3. Wanda ya sayi rabi don kuɗi sun gaza, ko ya daina da ya ji sauƙi, ciwon zai iya dawowa, ya sake biya. Matasanmu masu aiki a gona ko a masana'antun Challawa da Sharada su yi hankali da tiramadol da ake sha wai don ƙarfi, gama yana kama mutum ya kasa bari. A gida kuma, kada a ajiye maganin mutane kusa da maganin feshi ko na dabbobi.

Ga shawara ga kowace ƙungiya. A taronku na gaba ku zaɓi mutum biyu masu iya karatu, mace da namiji, su zaga kantunan da kuke saye, su duba abubuwan nan huɗu cikin ladabi, su kawo rahoto. Ku kuma ware ɗan kuɗi daga asusu domin wanda ciwo ya same shi ya iya sayen magani cikakke. In zazzaɓin yaro ya wuce kwana biyu, ko ya fara suma, a kai shi asibiti, kada a koma kemis.