Daga Nima Zuwa Kasoa: Abubuwan Da Ya Kamata Ka Sani Kafin Ka Ɗaure Kaya

Ranar Juma'a in an sallame a Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda a Akra, ka ɗan tsaya bakin ƙofa ka saurari gaisuwar mutane. "Alhaji, kwana biyu! Yaya Kasoa?" Amsar ba ta cika wuce "Alhamdu lillahi, sai dai nisa" ba. Wannan "sai dai" ɗin ita ce zancenmu. Bawan Allah ya gina nasa, ya rabu da fitinar mai gidan haya, amma ga shi ya ƙetaro daga wani yanki don ya yi sallah inda aka san sunan mahaifinsa.

Me ke tayar da mutane?

Matsi ne. Nima, wadda Malam Amadu Futa ya kafa a farkon shekarun 1930 a filin da ya samu daga mutanen Osu, a da mashekarin shanu ce a bayan gari. Yau tana tsakiyar Akra, tsakanin Kanda da unguwannin masu hannu da shuni, kuma babu sauran inda za a faɗaɗa. Gidan da kaka ya bari an raba shi ɗaki-ɗaki tsakanin jikoki. Da asuba ana layin bayan gida na kuɗi. Da damina kowa idonsa na kan babban gwatan da ya ratsa tsakanin Nima da Maamobi.

Sai haya. Dokar haya ta 1963 ta hana mai gida karɓar adibas ɗin da ya wuce na wata 6, amma wanda ya taɓa neman ɗaki a Akra ya san shekara biyu ake cewa ya ajiye. Wanda ya tara irin wannan kuɗi sau biyu, sau uku, dole wata rana ya ce da na zuba su a bulo, da yanzu ina cikin nawa. Wannan tunani daidai ne, ban ga laifin kowa a kansa ba.

Kasoa ba unguwar Akra ba ce

Sunan ma namu ne, daga "kasuwa" ya fito, shi ya sa garin ba ya yi wa ɗan zango kama da baƙon wuri. Amma Kasoa tana Yankin Tsakiya ne, a ƙaramar hukumar Awutu Senya ta Gabas. Tazarar ba ta taka kara ta karya ba, kimanin kilomita 30 ce daga tsakiyar Akra. Matsalar ita ce kusan kowa babbar hanya ɗaya yake bi, ta Weija zuwa mahaɗar Mallam. An buɗe gadar sama a Kasoa a 2016, an daina karɓar kuɗin hanya a Nuwamban 2021, cunkoson bai kau ba. In ruwa ya zubo, yashi ya gangaro daga tuddai ya rufe kwalta, sai motoci su yi cirko-cirko.

Don haka mai aiki a Akra kan fita kafin kiran assalatu, ya dawo bayan lisha. 'Ya'yansa barci suke in ya fita, barci suke in ya dawo. Kuɗin trotro, wato motar haya, kuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya. A Disambar 2022 hauhawar farashi a Gana ta haura kashi 54 cikin ɗari, kuma wanda ke hawa mota biyu ko uku kullum shi ya fi jin ta a jika. Abin da aka rage a haya, da yawansa a hanya yake zubewa.

Fili

A nan sai an yi hattara. Filoti ɗaya kan samu masu shi biyu ko uku, kowa da takardarsa, domin wani ɓangare na gidan sarauta ya sayar, wani ɓangaren ma ya sayar. Ga 'yan langad, samarin da ke zuwa da makami su ce sai an biya su kafin a haƙa tushe. Dokar filaye ta 2020 ta haramta aikinsu, amma doka tana takarda, kai kana daji da bulonka. Kada ka ba da ko sisi sai an yi bincike a Hukumar Filaye, kuma lauya ya duba takardun. Cewa "ai ɗan'uwa Musulmi ne ya haɗa ni" ba hujja ba ce a kotu.

Abin da ba ya shiga motar kaya

Wannan ne ba a lissafawa, kuma shi ne ya fi jawo da-na-sani. Zango ba ɗakuna ba ne kawai. Tun zamanin fataken goro, tsarin maigida ne ya riƙe shi: baƙo ya sauka, a ba shi masauki, a tsaya masa a ciniki, a shaide shi. Wannan tsari bai mutu ba, kamanni ya sauya. Mai kanti yana ba ka shinkafa bashi don ya san kakarka. Mai adashi tana yarda da ke don tare kuka yi makarantar allo. Yaro in ya yi ba daidai ba a lungu, kafin ya iso gida labari ya riga shi. In aka yi rasuwa, kafin azahar an yi wanka, an haɗa likkafani, an samu motar maƙabarta, ba tare da mai gawa ya san yadda aka yi ba.

Duk wannan dukiya ce, kuma ba ta bin mutum. Mata su suka fi ɗanɗana rashinta. Maigida ya fita tun duhu, ita ta wuni a gida mai katanga, maƙwabcin kusa kango ne da ciyawa ta cinye. A Nima in ta dafa wake da shinkafa ko ta dama koko, kafin hantsi tukunya ta ƙare, saboda dubban ƙafafu na wucewa ta ƙofarta. A sabuwar unguwa wa zai saya? Tsofaffi ma haka. An ɗauke Baba daga majalisarsa an kai shi ɗaki mai tayil da fanka, a zaton an hutar da shi, sai a ga yana ramewa. Zumunta a ƙafa take, to ƙafar yanzu sai da kuɗin mota, biki da suna kuwa ba sa ƙarewa a zango.

Ban ce zama a Nima ba shi da nasa farashi ba. Yarinyar da ke shirin jarrabawa a ɗakin mutum shida, ga lasifikar biki har tsakar dare, ita ma tana biyan wani abu. Akwai iyayen da suka tashi musamman don raba ɗansu da wata majalisar samari, kuma ba su taɓa nadama ba.

Abin da ya sami 'yan albasa

A Yulin 2021, ƙarƙashin ministan yankin Akra na lokacin, Henry Quartey, aka tashi 'yan albasa daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku, can bayan Amasaman. Da yawansu mutanenmu ne, masu sauke albasar Nijar. Sun sami sarari, amma kukan da suka yi ta yi shi ne masu saye ba su biyo su ba. Matar da ke sarin buhu ɗaya ba za ta ƙara kuɗin mota mai nisa a kan ribarta ba. Wasu suka nufi Dominase, gaba da Kasoa. Su tilas aka yi musu. Mai tashi don kansa yana da damar da ba su samu ba, ta ya tambayi kansa: abincina a wurin yake, ko a cikin mutanen?

Ba yau aka fara ba

Zangon Gana duk 'ya'yan ƙaura ne. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa fatake zuwa Kete Krachi da Kumasi da Akra. Malam Bako ya fita daga tsohon zangon cikin gari ya kafa Sabon Zango. Madina, wadda yau gari ce guda, a 1959 Alhaji Seidu Kardo ya kai mutane can, lokacin daji ce. Waɗanda suka fara zama sun sha wuya, jikokinsu ne ke cin moriya. Abin lura shi ne a ƙungiya suka tafi, da limaminsu da sarkinsu da mahautansu, ba gida ɗaya tilo ba.

Akwai kuma ƙaura mai ɗaci. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su fice. Mutanen da aka haifa a Gana suka sami kansu a Kano da Sakkwato da Nijar, wuraren da a bakin iyaye kawai suka san su. Can ma baƙi suka zama, har Hausarsu ake yi wa dariya. Wasu da ƙura ta lafa suka lallaɓo suka dawo.

Kafin ka tashi, da bayan ka tashi

In da hali, kama haya a can na ɗan lokaci, kuma ya haɗa da damina. Bi hanyar ranar Litinin da asuba, ba ranar Lahadi da dillali zai kai ka ba. Duba ruwan famfo, duba tazarar masallaci da makarantar Islamiyya da asibiti. Tambayi uwargida tsakani da Allah, domin ita za ta wuni a wurin. Kuma kada ka sayar da rabonka na gidan gado don ka yi rufi. Ɗakin nan da ka raina shi ne hanyarka ta dawowa.

Wanda ya riga ya tashi yana cizon yatsa, ya daina jin kunyar faɗa. Shekarar farko kusan kowa haka yake ji, wani ya saba, wani ba ya sabawa. Wata gwaggona ta yi shekara biyu tana daurewa, don kada a ce ta kasa zaman gidan da ɗanta ya gina mata. Daga baya ta kira shi ta ce, "Ɗan nan, Allah ya yi maka albarka, amma ka nemo mini ɗaki a Maamobi." Yanzu an zuba 'yan haya a rabin gidan na Kasoa, kuɗin ne ke biyan ɗakin nata. Tana zuwa can ranar Asabar ta ga jikoki, Litinin da sassafe tana bakin tukunyar kokonta.