Sallar Nowel a Maraɗi: yara ne ke kai kwano gidan maƙwabta

Da zarar an gama shagulgulan 18 ga Disamba, ranar Jamhuriya, akasarin jama'ar Maraɗi sai su koma harkokinsu. Amma akwai gidajen da a lokacin ne hidima ke somawa, wato gidajen Kiristoci, musamman masu ƙananan yara. Ranar 25 ga wata ita ce sallar Kirsimeti, wadda a nan ƙasar aka fi sani da Nowel, ranar tunawa da haihuwar Annabi Isa, ko Yesu Almasihu kamar yadda su ke kiransa.

Kiristoci ba su da yawa a Nijar. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Amma ba baƙi ba ne, kamar yadda wasu ke zato. Ƴan mishan na SIM sun sauka Damagaram tun 1924, daga baya suka zauna Tsibirin Gobir, suka buɗe asibitin Galmi a 1950. Daga cikin wannan aiki ne majami'ar EERN ta fito, kuma da yawa cikin mabiyanta Hausawa ne, Gobirawa da Katsinawa, masu karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda aka buga shi cikakke tun 1932. Ga kuma ƴan Katolika, da yawansu asalin iyayensu daga Benin, Togo ko Burkina Faso, waɗanda aka kafa musu yankin bishop na Maraɗi a 2001.

Ga yaro ɗan shekara 4 ko 5, duk wannan tarihi ba shi ne damuwarsa ba. Abin da ya sani shi ne an rufe lakol, kuma an kai shi wajen tela an auna shi. Hidimar kayan yara ita ce ta farko, ita ce kuma mai kashe kuɗi, don babba yana iya fiddo tsohuwar riga a wanke a goge, amma yaron da ya ga ɗan'uwansa da sabon takalmi ba ya jin wani bayani. Sa'ar da iyaye ke da ita ita ce teloli ba su cika da aiki kamar lokacin ƙaramar salla ba, saboda haka saɓa alkawali da sauƙi. Mata kuma suna da nasu ankon na Zumuntar Mata, wanda shi ma daga aljihu ɗaya yake fitowa.

Shekarun baya-bayan nan ba su zo wa magidanta da sauƙi ba. Nowel ta 2023 ta faɗo cikin takunkumin CEDEAO, iyakar Najeriya da ta Benin a rufe, shinkafa da mai sun yi tsada, ga ɗaukewar wuta. Gidan da ya saba yanka akuya ya koma kan kaji ko zabi. Amma ko a wannan shekara, abin da na gani a unguwarmu shi ne an rage nama, ba a rage yawan kwanonin da ake fitarwa ba.

A majami'u, makon ƙarshe na yara ne. Kowace yamma ana tara su ana koya musu waƙoƙi da haddar ayoyi, ana shirya wasan kwaikwayo na labarin haihuwa: wannan ita ce Maryamu, wancan Yusufu, sauran makiyaya da sandunan kara. Rigima a kan wadda za ta zama Maryamu kuwa, sai uwaye sun sa baki. Ƴan Katolika suna da sujadar dare ranar 24, kuma a nan ne uwa mai goyo ke shan wahala, don lokacin hunturu ne, sanyin dare da ƙura na kawo mura da tari, ga lokacin sanƙarau yana gabatowa. Shi ya sa za ka ga jarirai an naɗe su da hula da safa kamar za su tsallaka Tenere.

Sai kuma babban aikin yara, wanda shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Bayan an taso daga majami'a ranar 25, uwargida ta zuba shinkafa da miya, da cincin, ta jera kwanoni. Ba ita ke kai su ba, ba maigida ba. Yara ne, cikin sababbin kayansu, ake ɗora wa kwano a kai ana cewa wannan na gidan Alhaji, wannan na gidan Malam, wannan na tsohuwar da ke bakin famfo. Su dawo da kwanon an saka musu dala biyar ko goma, ko alewa, tukuici ke nan. Ranar layya kuma ƴaƴan Alhaji ne ke biyo wannan hanya da tsokar nama. Wasu magidantan Kiristoci ma maƙwabci Musulmi suke kira ya yanka musu dabbar, don kada kowa ya yi shakkar ci.

Ba ko'ina ne kwanon ke samun karɓa ba. Akwai masu wa'azin da ke hana cin abincin Nowel, akwai kuma malaman da ba su ga laifinsa ba, kuma ba ni ne zan raba wannan gardama ba. Abin da na sani shi ne idan an mayar da kwano, babba ba ya wurin. Yarinya ƴar shekara 6 ce ke tsaye a zaure, ita ce za ta juyo da shi a kai, ta je ta tambayi uwarta dalili. A ganina, wanda ba zai ci ba yana iya karɓa da fara'a, ya sa wa yarinyar albarka, abin da zai yi da abincin daga baya tsakaninsa da Allah.

Iyayen nan ba su manta da ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015 ba, lokacin da zanga-zangar nuna fushi kan zanen jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta rikiɗe, aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, aka rasa rayuka. Ba su manta kuma da Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu cikin gidajensu a waɗannan ranaku ba. Yaran da aka goya a baya aka gudu da su a lokacin, yau sun zama samari da ƴanmata, ƙannensu ne ke ɗaukar kwano.

Wani sabon abu da ya shigo birane shi ne Baba Nowel mai jar riga da farin gemu. Wasu makarantun ƙananan yara masu zaman kansu suna kawo shi kafin hutu, a ce kowane uba ya kawo kuɗin kyauta, har da iyaye Musulmi, waɗanda su ne ma suka fi yawa. Tsofaffin Kiristocin Tsibiri ba su tashi da shi ba, kuma ba kowane fasto ne ke maraba da shi ba. Yaran kuwa, rabinsu da sun hango gemun audugar nan sai kuka, sai an ɓoye shi a ofishin mushe kafin a raba kyaututtukan.