Kafin A Yi Wa Kaset Fomatin

A watan Fabrairun 2011 wata tangarɗar manhaja ta shafe wasiƙun wasu masu amfani da Gmail. Google na da kwafin wasiƙun a cibiyoyi daban-daban, amma tangarɗar ta bi ta taɓa su. Daga kaset aka dawo da su, wato zaren maganaɗisun nan da mutane da yawa suke zaton ya tafi tare da rediyo mai kaset. Bankuna da gidajen talabijin da cibiyar bincike ta CERN da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa duk suna zuba ajiyarsu ta ko-ta-kwana a kansa har gobe. Dalili kuwa, yana da araha, masu ƙera shi suna cewa yakan kai shekara 30 in an adana shi da kyau, kuma kaset ɗin da ke kan kanta, ba a jone da komai ba, ɓarawon intanet ba shi da hanyar isa gare shi.

Wanda ya fi yaɗuwa shi ne samfurin LTO. Na farkonsa ya fito a 2000 yana ɗaukar gigabayit 100. LTO-9 na 2021 yana ɗaukar terabayit 18. Inda aiki ya yi yawa ba a sa kaset da hannu. Akwai na'urar sauya kaset: akwati mai gurabe, da injin karatu da rubutu, da wani hannu mai ɗauko kaset daga gurbinsa ya cusa a injin. Ƙananan sukan ɗauki kaset takwas, manyan kuwa dubbai.

Sabon ma'aikaci in an miƙa masa kwalin kaset aka ce ya yi musu fomatin, sai ya ɗauka irin na memorin waya ne. Ba haka ba ne. Tun a masana'anta aka shimfiɗa wa zaren LTO wasu layuka na maganaɗisu waɗanda kan injin yake bi don kada ya kauce, kuma injin ofis ba ya iya sake rubuta su. Shi ya sa duk wanda ya bi kaset da na'urar gogewa ta maganaɗisu wai don ya tsabtace shi, ya kashe shi ke nan, sai shara.

Abin da ake yi a zahiri raɗa suna ne. Manhajar ajiya irin su Bacula ko Amanda tana rubuta ɗan tambari a farkon zaren, ta shigar da sunan a kundinta. A bayan kaset kuma akwai lambar zane-zane da hannun na'urar yake karantawa: haruffa ko lambobi shida, sai biyu masu nuna zamaninsa, kamar L8 ko L9. Kaset ɗin share kan inji lambarsa da CLN take farawa. Ni a ganina babu hujjar barin sunan ciki ya bambanta da na waje, domin ranar da gobara ko ɓarna ta auku, mai neman kaset da idonsa zai nema, hankalinsa a tashe. Akwai kuma tsarin LTFS da ya zo da LTO-5 a 2010, mai raba zaren gida biyu, ɗaya na jerin sunayen fayiloli, ɗaya na fayilolin kansu. Wannan shi ya fi kusa da fomatin da aka sani.

Haɗarin yana nan ne: da zarar an rubuta ko da ɗan tambari a farkon zare, injin zai ɗora alamar ƙarshen bayani a bayansa, duk abin da ke gaba ya fita daga hannu. A na'urar sauya kaset kuwa umarni guda yana iya bin gurabe ɗaya bayan ɗaya cikin dare babu mai kallo. Manhajoji masu kyau sukan ƙi taɓa kaset mai tambari sai an tilasta musu, to amma tilastawar kalma ɗaya ce, kuma mai gaggawa ba ya rasa ta. Don haka a sa na'urar ta ƙirga abin da ke cikinta tukuna, a fitar da kaset masu ajiya ko a tura ɗan makullin hana rubutu da ke jikinsu, sannan a ambaci guraben da ake nufi da lambobinsu. In an gama, a rubuta wani abu a dawo da shi don a tabbatar.

A kuma ware lokaci. Sabon LTO-9 yana iya buƙatar daidaitawa a karon farko da ya shiga inji, tana iya cin awa biyu a kan kowane kaset. Mai shirin sabunta na'ura shi ma ya duba tsofaffin kaset ɗinsa: har zuwa LTO-7 injin yana karanta zamani biyu baya, amma LTO-8 da LTO-9 zamani ɗaya kawai suke komawa, don haka sai a kwashe tsohuwar ajiya kafin a rabu da tsohon inji.