Tattali da Tsaron Gida: Kafin Ɓarawo Ya Zo da Bayan Ya Tafi

Malamanmu, iyayenmu da 'yan'uwa ɗalibai, a bana mun zaɓi mu yi magana a kan abu biyu da kowane gida na unguwarmu ya sani: tattali da sata. Wani zai ce, to me ya haɗa su? Ai abu ɗaya ne. Ɓarawo yana kwashe abin da ya tarar a wuri ɗaya ne, a dare ɗaya. Gidan da ya saba da ajiye kaɗan kaɗan, ya rarraba ajiyarsa, ya kuma zauna lafiya da maƙwabta, shi ne yake miƙewa da wuri idan an yi masa sata.

Unguwarmu da yadda take

Briqueterie, wadda muke cewa Birik, tana cikin gunduma ta 2 ta birnin Yawunde, tana maƙwabtaka da Tsinga da Mokolo. Sunanta ya samo asali daga wurin yin jan bulo da aka yi a nan zamanin Turawan mulkin mallaka. Yau kuwa duk Yawunde an san mu da tsire, da teloli, da shagunan atamfa da shadda. Gidajenmu a cunkushe suke, lunguna matsattsu, tsakar gida ɗaya iyali uku ko huɗu, wasu masu gida wasu 'yan haya. Yawancin iyayenmu abin da suka samu yau shi za a ci yau. Shi ya sa idan aka ɗauke wa tela kekensa, ko aka ɗauke wa uwa kuɗin adashinta, ba kaya kaɗai aka ɗauka ba, an taɓa abincin gidan na watanni.

Tattali ba rowa ba ne

Malamanmu sun karantar da mu cewa addini ya hana almubazzaranci, ya kuma hana ƙwauro, ya ce a tsaya tsakiya. Mun kuma karanta ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, yadda ya ba da shawarar a ajiye hatsin shekara 7 na yalwa don shekara 7 na fari. Wato ajiya don gobe ba ta saɓa wa tawakkali. Ga wasu dabaru da muka tattara daga iyayenmu mata, waɗanda su ne malaman wannan fanni.

Na farko, saye a haɗe. Mai sayen shinkafa kofi kofi a butik kullum ya fi kowa biyan tsada. Idan gida 4 suka haɗa kuɗi suka sayi buhu mai kilo 50 a kasuwar Mokolo, kowa zai tashi da kilo 12 da rabi, a farashin sari. Haka man gyaɗa, sukari da sabulu. Sabulun ma a yanka shi, a bar shi ya sha iska ya bushe kafin a fara amfani da shi, ya fi daɗewa.

Na biyu, a bi lokacin araha. Albasa tana zuwa mana daga Marwa da Garwa, kuma kowa ya san akwai lokacin da take zubewa, akwai lokacin da take gagara. Idan ta yi araha a saya, a shimfiɗa a inda iska ke shiga, kada a bar ta cikin leda. Tumatur, tattasai da kuɓewa a yanka a shanya a ranin Disamba zuwa Fabrairu. A damina kuwa shanya ba ta yi a nan, laima za ta sa su ruɓe.

Na uku, wuta. Tukunyar gas mai kilo 12.5 farashinta na hukuma sefa 6,500 ne, gawayi ma ba arha ba. A jiƙa wake tun dare, da safe ba zai ci wuta ba. A riƙa rufe tukunya. Shinkafa idan ta tafasa ruwa ya kusa tsotsewa, a sauke, a naɗe tukunyar da tsohon bargo, za ta ƙarasa nuna da zafinta. Gawayin da ya rage a kashe shi da toka ko ƙasa, gobe ya yi aiki. Amma fa a kiyaye, ba a shiga ɗaki da gawayi mai ci a rufe ƙofa, hayaƙinsa da ba a gani yana kisa.

Na huɗu, kuran. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60, idan ya yi awa 5 kullum, a wata ya ci kilowat 9. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da haske kusan ɗaya, amma bai kai kilowat 1 da rabi ba a wata. Ku lissafa ɗaki nawa ne a gidanku.

Na biyar, ruwa. Allah ya ba Yawunde damina biyu, ta Maris zuwa Yuni da ta Satumba zuwa Nuwamba. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita ɗaya ce. Ke nan rufin kwano mai murabba'in mita 20, in aka yi ruwa na milimita 10, ya ba da lita 200, duro guda cur. A bar ruwan farko ya wanke kwanon, sannan a tara don wanki da wanke-wanke, a rufe duron saboda sauro.

Na shida, kada a zubar. Tuwon dare ɗumamen safe ne. Ƙyallayen da teloli ke sharewa ana cusa matashin kai da su, ana haɗa su a yi shimfiɗar yara.

Abin da aka rage ta waɗannan hanyoyi kada a bari ya narke a aljihu. Dala 20 kullum, wato sefa 100, a wata jaka 3 ce, a shekara sefa 36,500. Da yayyafi kogi kan cika.

Ina za a ajiye?

A darasin fiƙihu mun koyi kalmar hirzi, wato wurin da aka saba adana kowane irin kaya. Malamai sun ce hukuncin wanda ya ɗauki abu daga hirzinsa daban yake da na wanda ya ɗauki abin da aka yasar a fili. Darasin da muka ɗauka shi ne, shari'a ma tana son mai kaya ya kula da kayansa.

Ƙarƙashin katifa, cikin kwanonin jere, saman sif da aljihun babbar riga, nan ne ɓarawo ke fara dubawa, don shi ma a gida irin namu ya tashi. Gara a raba kuɗi kashi uku: kaɗan a gida don cefane, wani a asusun waya kamar Orange Money ko MTN Mobile Money, wani a adashi wurin mai amana. Lambar sirrin asusun kada a rubuta ta a bayan waya, kada a faɗa wa wanda ya kira ya ce shi ma'aikacin kamfani ne.

Takardu ma dukiya ne. Takardar haihuwa, katin ɗan ƙasa, takardun makaranta, takardar fili ko ta haya, duk a yi musu fotokofi a ajiye a gidan ɗan'uwa. Rasiɗin keken ɗinki, babur, talabijin da waya a adana. Kowace waya tana da lamba 15 tata ta kanta, da ake kira IMEI. Ku danna *#06# za ta fito, ku rubuta a littafi. Wannan aikinmu ne mu ɗalibai, tunda mu ne masu biro a gida.

Sai lokutan da gida ke zama fayau: sallar Juma'a, tarawihi da tahajjud, safiyar Idi, ranar biki ko jana'iza, da lokacin da aka yi tafiya arewa. Haka daren da aka ɗauke kuran, ko ake ruwa mai ƙarfi, don ƙarar kwano tana rufe ƙarar ɓalle ƙofa. A irin wannan lokaci a bar babba ɗaya a tsakar gida, ko a ce wa maƙwabci, "Baba, za mu fita, a sa mana ido." Kwaɗo mai kyau a kan ruɓaɓɓen katako aikin banza ne, a duba ƙyauren da madogararsa. Makulli kuma a daina sa shi ƙarƙashin buta ko saman ƙofa. Mu matasa, mu rage ɗora hoton sabon kaya da labarin tafiya a Facebook da WhatsApp. Ƙarfen taga yana da amfani, amma a bar hanyar fita ɗaya da kowa ya san makullinta, saboda gobara a unguwa mai cunkoso irin tamu ta fi ɓarawo sauri.

Idan abin ya faru

Wani lokaci duk an yi wannan, ƙaddara ta faɗa. To, sai a yi istirja'i, a natsu, a bi abubuwa ɗaya bayan ɗaya.

In an dawo an tarar da ƙofa a ɓalle, kada a faɗa ciki kai tsaye, mai yiwuwa yana nan da makami. A kira maƙwabta, a buga 117 don 'yan sanda ko 113 don jandarma. Rai ya fi kaya. Kafin a gyara ɗakin a ɗauki hoto. A zauna a rubuta abin da ya ɓata, da kamanninsa da lambarsa. A sanar da mai unguwa, sannan a je komisariya a shigar da ƙara. In katin ɗan ƙasa ko wata takarda na ciki, a nemi takardar shaidar ɓata, da ita ake neman sabuwa. In an ɗauki waya, a ranar a je ofishin kamfanin a rufe layin, kafin a taɓa kuɗin asusu ko a yi amfani da sunan mai ita a damfari danginsa. A sake kwaɗo a daren, ko da aro ne.

Wasu suna cewa zuwa komisariya ɓata lokaci ne. Amma idan wata rana aka kama kayan, da me za ka nuna naka ne? Dokar hukunta laifuka ta Kamaru ta shekarar 2016, a sashe na 318, ta sa wa sata ɗaurin shekara 5 zuwa 10. Sashe na 320 ya ninka hukuncin in an yi ta da fasa ƙofa, haura katanga, makullin bogi ko makami. Sashe na 324 kuwa yana hukunta mai karɓar kayan sata. Mu lura da wannan na ƙarshe. Wanda aka kawo masa waya ta jaka 80 a jaka 15, ba kwali ba rasiɗi, ya saya, ai ya san abin da ya saya. Wannan ba tattali ba ne, haram ne, kuma shi ne ke sa ɓarawo ya koma gidan wani gobe.

Akwai mas'alar da ta shafi telolinmu musamman gab da Sallah. A mazhabarmu ta Malikiyya, wanda aka ba ajiya don Allah, aka sace ba da sakacinsa ba, ba ya biya. Amma mai sana'a da ya karɓi kayan mutane ya tafi da su shagonsa, kamar tela, asali yana lamunce su, sai in ya kawo shaidar cewa sun salwanta ba da laifinsa ba. Kun ga amfanin kiran shaidu da shigar da ƙara tun da wuri. In irin haka ta taso, a je wurin malamai a yi sulhu, kada a tsaya ana musu a bakin titi.

Asarar da ta fi ta kaya

Bayan sata zuciya takan fara lissafin mutane: yaron maƙwabta, 'yar aiki, almajirin gida, baƙon da ya kwana jiya. Nan ne Shaiɗan ke samun ƙofa. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, in ji Hausawa. Kaya ana mayar da su, amma yaron da aka kira ɓarawo a gaban jama'a alhali bai yi ba, har ya girma bai manta ba. Mai hujja ya kai ta inda ya dace, marar hujja ya kama bakinsa. Zuwa wurin boka ko mai duba haram ne, ga asarar kuɗi a kan asara, ƙarshenta ya nuna maka ɗan'uwanka.

Haka in an kama ɓarawo. Mun san yadda jama'a ke taruwa da sanduna da duwatsu in an yi ihu. Addini bai ba kowa ikon yanke hukunci a titi ba, dokar ƙasa ma haka, kuma a cikin ruɗani ana iya kashe wanda bai ji ba bai gani ba. A riƙe shi, a miƙa wa hukuma.

Yara ƙanana sukan firgita, su ƙi barci, wani har ya koma fitsarin kwance. Kada a yi musu tsawa. A nuna musu sabon kwaɗon, a kwana kusa da su, a yi addu'ar barci tare.

Mu kuma maƙwabta, jaje ba "Allah ya mayar da alheri" kaɗai ba ne. A aika da kwanon abinci kwana biyu ko uku. Mai keke biyu ya ara wa tela ɗaya. 'Yan adashi su ba wadda aka yi wa sata kwasar wannan zagaye. Mai bin bashi ya ɗaga ƙafa. Wanda sata ta jefa cikin talauci ko bashi yana cikin masu cin zakka, a kai masa a asirce. Shi kuma mai gidan ya fara da abin neman abinci kafin kayan ƙawa, ya guji bashi mai ruwa.

'Yan'uwa ɗalibai, ga aikin gida da ba malam ne ya ba mu ba: a wannan mako kowa ya rubuta lambobin wayoyin gidansu, ya kai takardu fotokofi, ya duba ƙyauren ɗakin mahaifiyarsa. Allah ya tsare mana unguwarmu, ya sa albarka a ɗan abin da iyayenmu ke samu, ya shiryi masu ɗaukar na mutane.