Ruwan Randa Kafin Zuma: Yadda Ake Kula da Ƙaramar Ƙuna a Gida

Duk gidan da ake hura wuta ba ya rabuwa da ƙuna. Talge ya fallatsa wa mai tuƙa tuwo, man ƙosai ya tsartu a hannun mai suya, yaro mai rarrafe ya jawo kofin shayin babansa, budurwa ta zo sauka daga babur ƙaurinta ya taɓa salansa. Da hunturu kuwa abin ƙaruwa yake yi, saboda kaskon jin ɗumi da ruwan wankan da ake dafawa safe da yamma. Da zarar an ji ihu sai tsakar gida ta cika da masu ba da magani. Wannan ta ce a fasa ɗanyen ƙwai, waccan ta ce a miƙo makilin, wata ta ce gishiri, wani ya ce manja ko baƙin mai. Kowa da kyakkyawar niyya yake faɗa. Abin da ke damuna shi ne, a cikin wannan hayaniya da wuya ka ji wanda ya ce a kawo ruwa, ga randa kuwa a gefe, a cikinta maganin da ya fi waɗannan duka yake.

Kafin a gane dalili, sai an san abin da zafi ke yi wa fata. Fatar mutum hawa biyu ce. Ta sama siririya ce, kullum tana sabunta kanta. Ta ƙarƙashinta ta fi kauri, a nan ne ƙananan hanyoyin jini suke, da jijiyoyin da ke jin zafi, da saiwar gashi, da mafitar gumi. In ƙuna ta tsaya a hawan sama, wurin zai yi zugi, ya ɗan kumbura, ya warke cikin mako guda ba tabo. In ta shiga hawa na biyu sai ta yi bororo, ta ɗuri ruwa, raɗaɗinta kuma ya fi na kowace iri. Wannan ma tana iya warkewa da kanta, domin daga saiwar gashi da mafitar gumin da suka tsira sabuwar fata ke tsirowa ta bazu. Amma in zafin ya cinye hawan biyu duka, babu sauran irin da za a shuka. Wurin yakan yi fari fat ko baƙi, ya bushe kamar ƙirgi, kuma sau da yawa ba ya zafi ko kaɗan, saboda jijiyoyin sun mutu. Mutane kan ga yaro bai yi kuka sosai ba su ce da sauƙi, alhali wannan ita ce mafi muni.

Abu biyu ke yanke zurfin ƙuna: yawan zafi da tsawon lokacin da ya zauna a jiki. A 1947 masu bincike biyu a Jami'ar Harvard ta Amurka, Moritz da Henriques, sun auna wannan. Zafin digiri 44 a ma'aunin Salshiyas sai ya yi kimanin awa shida a kan fata kafin ya lalata ta. A digiri 60 'yan daƙiƙoƙi sun isa, a digiri 70 kuwa daƙiƙa ɗaya. Ruwa yana tafasa a digiri 100, man suya kuma yakan kai 180. Shi ya sa ƙunar talge da kunu da man gyaɗa ta fi ta ruwan zafi ɓarna: suna manne wa fata, suna ci gaba da dafa ta.

Duk wadda ta taɓa sauke tukunyar ƙasa daga murhu ta san miya kan ci gaba da ɓararraka bayan an raba ta da wuta. Haka fata take. An janye hannu, amma zafin yana ciki, yana nutsawa. A 1953 wani likitan tiyata a birnin Birmingham na Ingila, Douglas Jackson, ya bayyana cewa kowace ƙuna da'ira uku ce. Tsakiyarta ta riga ta mutu. Gefenta na can waje zai warke ko ba a yi masa komai ba. Tsakaninsu kuwa akwai wani yanki da jini ke tafiya da ƙyar a cikinsa, wanda zai iya rayuwa, zai kuma iya mutuwa cikin kwana ɗaya ko biyu. Duk taimakon farko a kan wannan yanki ake yin sa. In ya tsira, ƙunar ta zama ƙarama. In ya mutu, ta faɗaɗa ta yi zurfi, har iyali su ce ciwon ya "ci gaba" da kansa.

Ruwa mai sanyi shi ke ceton wannan yanki. Yana zuƙe zafin da ya rage, ya rage kumburi, ya kwantar da raɗaɗi. Ƙa'idar da likitocin ƙuna na Birtaniya da Ostireliya suka tsaya a kai ita ce minti 20 cur, kuma yana da amfani ko da an makara, muddin ba a wuce awa uku ba. Wani bincike da aka wallafa a 2020, wanda ya bi yara 2,495 da suka ƙone a jihar Queensland ta Ostireliya, ya nuna cewa waɗanda aka yi wa haka sun fi sauran kuɓuta daga dashen fata da wajen kashi 40 cikin ɗari. Ban san wani mai ko ganye da ya kai wannan ba, ga shi kuma ba a sayen sa a kantin magani.

Minti 20 yana da tsawo in yaro yana tsala ihu, uwa kuma hankalinta ya tashi. Yawanci a minti biyu ake tsayawa. A duba agogon waya a daure. In babu famfo, a cika buta daga randa a riƙa tsiyayawa a hankali, a tara kwano a ƙasa, wani kuma yana sake cika butar. In ruwan ya yi kaɗan, a tsoma wurin cikin roba a riƙa canjawa da zarar ya yi ɗumi. Ledar fiya wata ma ta yi, in ba daskararriya ba ce. Sanyin ruwan randa shi ne daidai. Ƙanƙara kuwa a guje ta, domin tana tsuke hanyoyin jini a daidai wurin da ke neman jini, tana kuma iya ƙona fata da kanta. Da hunturu, musamman ga jariri da tsoho, a lulluɓe sauran jiki da zane ko bargo, wurin ƙunar kaɗai ake sanyayawa.

Na sha jin ana cewa ruwa ne ke sa ƙuna ta tashi. Ba haka ba ne. Bororo daga zurfin ƙunar yake zuwa, ruwan cikinsa kuma daga jikin mutum yake tsattsafowa. Ƙunar da za ta tashi za ta tashi ko an zuba ruwa ko ba a zuba ba, sai dai wadda aka sanyaya takan fi ƙanƙanta. Ana cikin zuba ruwan a zare zobe da awarwaro da agogo kafin kumburi ya kama su. A cire rigar da ta jiƙe da ruwan zafi, amma in yadin ya narke ya manne, kamar yadda yadin roba ke yi, a yanke kewayensa a bar wanda ya manne.

To, sauran abubuwan da ake shafawa fa? Makilin yana yaudarar mutane ne saboda sinadarin na'ana'a da ke cikinsa, wanda ke sa jijiya ta ji kamar sanyi alhali zafin yana nan, sannan ya bushe ya ƙanƙame ciwon. Manja da man shanu da man gyaɗa ba sa fitar da zafi, lulluɓe shi suke yi. Ɗanyen ƙwai yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta, fatar da ta saɓule kuma ƙofa ce a buɗe. Gishiri azaba ce kawai. Waɗanda suka fi ba ni tsoro su ne toka da baƙin mai da kashin shanu da gashin zomo, domin ta irin wannan hanya ƙwayar cutar sarƙe-haƙora ke shiga jiki, ita kuwa kisa take yi. Akwai kuma wahalar da ba a tunawa: in daga baya aka je asibiti, dole ma'aikaciyar jinya ta kankare duk abin da aka shafa kafin ta ga ciwon, yaron kuma ya sha raɗaɗi karo na biyu. Ko shuɗin maganin nan da ake kira jibi yana rufe launin ciwo, ya hana a gane zurfinsa.

Zuma kam daban take, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Alƙur'ani ya ambaci warakar da ke cikinta a Suratun Nahli, Misirawan dā sun rubuta ta cikin magungunan rauni, likitancin zamani ma bai ƙaryata ta ba. Sukarin cikinta ya yi yawan da yake tsotse ruwa daga jikin ƙwayoyin cuta. Tana da ɗan tsami da ba sa iya hayayyafa a cikinsa. Ƙudan zuma kuma yana zuba mata wani sinadari wanda, in ta haɗu da danshin ciwo, yake sakin maganin kashe ƙwayoyin cuta kaɗan-kaɗan. Bayan haka tana riƙe danshi, ba ta bari bandeji ya manne. Wani likita a Indiya, Subrahmanyam, ya gwada ta a kan masu ƙuna tun farkon shekarun 1990, kuma a 2015 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace sakamakon bincike-binciken lafiya, ta tattara gwaje-gwajen ta ga cewa ƙunar da ba ta cinye fata duka ba takan riga warkewa da kwana huɗu zuwa biyar in an yi amfani da zuma, idan aka kwatanta da wasu bandejin da aka saba.

Sai dai a lura da sharuɗɗa. Zuma ba ta fitar da zafi, don haka bayan ruwa take zuwa. Wadda ake amfani da ita a asibitocin Turai, irin ta manuka daga Niyu Zilan, an tace ta an kashe duk wata ƙwayar cuta da ke ciki. Ta kasuwarmu kuwa, kowa ya san akwai wadda aka haɗa da narkakken sukari, akwai kuma wadda aka matse da hannu har da saƙa da tokar hayaƙi. In ƙuna ƙarama ce, kuma kana da zumar da ka amince da tsabtarta, a shafa ta a kan bandeji mai tsabta a ɗora, a canja kullum bayan an wanke wurin da ruwan da aka tafasa ya huce. Ƙunar jariri ko wadda ta yi faɗi ba ta zumar gida ba ce.

Alobera ma tana da nata gurbin. A yanka ganyen, a bar ruwan ɗorawar nan mai ɗaci ya tsiyaye, a ɗebi farin majinar ciki a shafa a ƙunar da fatarta ba ta buɗe ba. Tana sanyaya wuri, wasu ƙananan gwaje-gwaje kuma sun nuna tana ɗan gaggauta warkewa. In babu zuma babu alobera, farin basilin marar turare ya wadatar.

Abin da duk waɗannan ke yi guda ne: su rufe ciwo, su riƙe masa danshi, su tsare shi daga datti har fata ta gyara kanta. Likitoci a Mumbai sun yi aiki da ɓawon dafaffen dankalin Turawa da ganyen ayaba, na birnin Fortaleza a Barazil kuma da fatar kifin karfasa, amma dukkansu sai da aka tsarkake su daga ƙwayoyin cuta tukuna. Maganar nan ta a bar ciwo ya sha iska ya bushe jinkirta warkewa take yi, ga ƙura ga ƙuda. Kada a naɗa auduga kai tsaye, zarenta manne wa ciwo yake. Kada kuma a fasa bororo da allura ko ƙaya, domin rufi ne da jiki ya yi wa kansa. In ya fashe da kansa a wanke a rufe. Farasitamol yana rage raɗaɗi, a ba yaro daidai shekarunsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna tana kashe mutum wajen 180,000 duk shekara, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, saboda haka dole a san inda ikon gida ya ƙare. Ma'aunin yana hannun wanda ya ƙone: tafinsa haɗe da yatsu kimanin kashi ɗaya ne cikin ɗari na fatar jikinsa. Ƙunar da ta fi wannan faɗi ta asibiti ce. Haka wadda ta taɓa fuska, ko hannu, ko tafin ƙafa, ko al'aura, ko gaɓa, ko ta zagaye yatsa ko damtse. Ƙunar gaɓa in ta warke ba bisa ƙa'ida ba takan janye fata, yatsu su manne ko gwiwar hannu ta ƙi miƙewa. Ƙunar lantarki takan yi ɓarna a ciki fiye da abin da ido ke gani. Ta ruwan batir a yi ta kwarara mata ruwa, a kuma tafi asibiti. Ƙananan yara, tsofaffi, masu ciwon sukari, da mai jegon da ruwan wanka ya saɓule wa fata, kada a tsaya gwaji da su. Ko ƙaramar ƙuna ce, in ta fara wari, ko mugunya, ko kumburin ya yaɗu, ko zazzaɓi ya shigo, a tafi, a kuma tambayi allurar rigakafin sarƙe-haƙora.

A riƙa ƙirga kwanaki. Ƙunar da ta cika mako biyu ba ta rufe ba ta fi yadda aka zata zurfi, kuma irinta ce ke barin tabo mai tudu, wanda baƙar fata ta fi saurin yi. Wadda ta rufe kuwa za ta fito da sabuwar fata ja-ja ko fari-fari, mai laushi da ƙaiƙayi, launinta na asali kuma yakan ɗauki watanni kafin ya dawo. A kare ta daga rana da tufafi, a yanke wa yaro farce don kada ya sosa. A wannan lokacin ne man kaɗe yake da amfani: a riƙa murza shi a hankali safe da yamma, yana tausasa tabon, yana kuma rage ƙaiƙayin.