Amintattun Ƙungiya: Wa Ke Tsaron Dukiyar Jama'a a Kudancin Kano?

Daga Bebeji zuwa Kiru, daga Tudun Wada har Doguwa ta bakin dajin Falgore, da wuya a samu garin da babu ƙungiya: ta manoman shinkafa ko masara, ta masunta a madatsar ruwan Tiga, ta ci gaban gari, ko kwamitin masallaci da Islamiyya. Ana kafa su da zumuɗi, a yi karo-karo, a buga hatimi. Bayan damina biyu ko uku sai a fara jin ana cewa kuɗin sun yi ɓatan dabo.

Duk da haka, yankin ya san amfanin irin wannan haɗin kai. A shekarun 1980 aka kafa Gidauniyar Jihar Kano, marigayi Alhaji Aminu Ɗantata yana cikin jagororinta, kuma a Bebeji ta gina makarantar sakandare.

Doka ba ta bar lamarin dukiyar ƙungiyoyi kara zube ba. Dokar kamfanoni ta CAMA, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Agustan 2020, ta ce ƙungiyar da ke son rajista a hukumar CAC sai ta gabatar da amintattu aƙalla biyu. Ba a karɓar yaro, ko mai taɓin hankali, ko wanda kotu ta kama da laifin zamba cikin shekara biyar da suka wuce. Ana buga sunayen amintattun a jaridu, a ba jama'a kwana 28 ko akwai mai ja. Dukiyar ƙungiya ba ta rabuwa tsakanin membobi, sai dai a kashe ta kan manufar da aka kafa ta dominta. Sashe na 839 ma ya ba hukumar ikon dakatar da amintattu idan an samu almundahana, abin da ya tayar da ƙura a tsakanin shugabannin addini lokacin da dokar ta fito.

Sai dai matsalar karkara ta fi gaban takarda. Galibi ana zaɓen amintacce ne don girmamawa: attajirin garin da ke zaune a Abuja, ko ɗan siyasar da ake sa ran zai kawo taki. Ba ya zuwa taro, bai taɓa buɗe littafin kuɗi ba. Sai shugaba ya zama shi ne ma'aji, shi ne magatakarda. Ga kuma kunya, wadda ita ce ta fi komai cin ƙungiyoyinmu. Wa zai dubi surukinsa ko malaminsa a gaban jama'a ya ce ina rasit?

Maganin ba ya bukatar lauya. A raba mai bayar da umarni da mai riƙe kuɗi. Asusun banki ya zama da sunan ƙungiya, kada a cire ko kwabo sai da sa hannun mutum biyu. A yanka wa shugabanni wa'adi. Mata da matasa su ma su samu kujera. Idan tsarin mulkin ƙungiya ne ya wajabta karanta lissafi a taron shekara, mai tambaya ya fita daga zargin rashin kunya.

Don haka duk wanda ke biyan kuɗin ƙungiya a waɗannan ƙananan hukumomi huɗu, ya nemi sanin sunayen amintattunta da ranar da suka yi zamansu na ƙarshe.