Al'ummar Kulin da Ƙasar da Suka Gyara da Wuta

A kudu maso gabashin nahiyar Ostireliya, a yankin da birnin Melbon yake a yau, akwai wata al'umma da ake kira Kulin. Ƙawance ne na ƙabilu 5 masu harsuna makusantan juna, wato Woiwurrung da Boonwurrung da Wathaurong da Taungurung da kuma Dja Dja Wurrung. Binciken masu tonon kayan tarihi a Keilor, kusa da Melbon, ya nuna cewa mutane sun zauna a wannan yanki fiye da shekara 30,000.

Wannan dogon zama ya sa kakanninsu sun shaida sauye-sauyen da yau sai a littattafan ilimin ƙasa ake karantawa. Mashigin tekun Port Phillip, alal misali, a da fili ne busasshe wanda kogin Birrarung, wato Yarra, yake ratsawa. Da ƙanƙarar duniya ta narke, kimanin shekara 10,000 da suka wuce, sai teku ta taso ta malale shi. Labarin wannan ambaliya yana nan cikin tarihin baka na Boonwurrung.

Turawan farko da suka ga shimfiɗaɗɗun filayen ciyawa na yankin sun zaci haka nan suka tsiro. Alhali kuwa aikin hannu ne. Mutanen Kulin sukan sa wa daji wuta yanki-yanki, a lokacin da ya dace, yadda wutar ba za ta gagara ba. Ta haka ƙananan itatuwa ba sa cunkushe fili, toka ta koma taki, sabuwar ciyawa kuma ta jawo kangaru kusa da maharba.

Babban amfanin wannan dabara shi ne wani tsiro mai fure rawaya da suke kira murnong, wanda saiwarsa ta yi kama da rizga. Mata ke haƙo shi da sanda mai tsini, a gasa a cikin rami. Haƙar tana sassauta ƙasa, ƙananan saiwoyin da aka bari kuwa su sake tofowa. Wato noma ne ba tare da garma ba.

Har ila yau, kowace zuriya tana da yankinta, kuma tana ƙarƙashin ɗayan ɓangarori biyu: Bunjil, wato gaggafa, ko Waa, wato hankaka. Ɗan Bunjil sai 'yar Waa yake aure. Wannan ya ƙulla zumunta tsakanin zuriyoyi masu nisa, ya buɗe hanyoyin musayar kaya. Kawunan gatari na koren dutse da ake fasowa a tsaunin Mount William sukan yi tafiyar ɗaruruwan kilomita daga hannu zuwa hannu.

A shekarar 1835 John Batman ya iso daga Tasmaniya, makiyaya kuma suka biyo shi da tumaki. Tumakin suka cinye murnong, kofatansu suka daddale ƙasa, aka kuma hana masu ƙasar sa wuta. Cikin 'yan shekaru abincin da ya ciyar da jama'a tun kaka da kakanni ya yi wuyar samu. A yau abin da ya rage na waɗannan filaye bai taka kara ya karya ba, jikokin Kulin kuma sun koma sa wutar gargajiya a wasu wurare domin farfaɗo da shi.